Gida Na Goma Sha Bakwai

A ofishina da ke hawa na biyu,
inda fanka ke juyawa kamar an yi mata dole,
na tara shekara tara cikin kwalaye.
Kowane kwali da lambarsa, ba suna,
ƙa'idar bincike ta hana suna.
Gida na huɗu, Barnawa. Gida na tara, Kawo.
Gida na goma sha bakwai, Kakuri,
bayan katangar tsohuwar masaƙa.

A can na koyi auna shiru.

Maigidan ya shekara ashirin gaban injin saƙa
har ranar da aka garƙama wa ƙofa kwaɗo.
Matar na suyar awara a bakin titi,
daga kaskonta kuɗin makaranta ke fita.
Na kunna rakoda, na gyara zama, na ce,
"Me ya fi yi muku nauyi a zaman nan?"
Shi ya dubi rufi. Ita ta dubi farcenta.
Daƙiƙa casa'in da huɗu, daga baya na ƙirga,
ba abin da na'ura ta kama
sai kukan akuya da wani yaro mai tallan rake.
Can ta ce, "Ba ya taɓa abincina sai na bar ɗakin."
Ya ce, "Kunya ce, Kande.
Hannun da bai kawo ba, ta yaya zai miƙa a gabanki?"
Ta saki gefen zanin da take murzawa.
"Shekara shida," ta ce,
"shekara shida ina zaton ƙyama ce."

Na sa wannan a shafi na sittin da ɗaya.
Farfesa Ayuba Kazah ya zagaye shi da jan biro:
"Shiru ba hujja ba ne. Kawo alƙaluma."
Na kawo masa alƙaluma,
kashi kaza cikin ɗari, jadawali bisa jadawali.
Aka tafa mini a zauren taro,
aka sauya allon ƙofata,
ɗalibai suka fara rusunawa tun daga matakala.
Kowace Talata ina ce musu,
ku fara da tambaya, hukunci ba ya gudu.

Gwaggo Lantana ba ta san bihim ba,
amma ranar sunan jikanta ta ja ni bayan murhu:
"Ke mai ɗinkin auren mutane,
yaushe rabon ki duba hammatar rigarki?"
Na yi dariya.
Ta ce, "Yi abarki. Wanzami dama ba ya son jarfa."

Yau na taso daga Sabon Tasha da magariba,
motoci sun cushe a kan gada,
kogin ya cika ya yi jajur da ruwan Agusta,
yana wucewa bai ce wa kowa komai ba.
Awa guda kafin in ga ƙofarmu a Malali.

Lawandi na zaune, talabijin a kunne ba murya.
Na san tarihin gidaje ɗari da goma sha biyu,
ban san tun yaushe ya daina shan sukari ba.
Jakar kwamfuta ta zame daga kafaɗata,
ban ɗauke ta ba.
Ba rakoda, ba takardar amincewa,
na zauna a hannun kujerarsa, na ce,
"Me ya fi yi maka nauyi a zaman nan?"

Hali zanen dutse: na fara ƙirga.
Goma. Ashirin da biyar.
Janaretan maƙwabta ya yi tari ya mutu.
A arba'in lissafi ya kuɓuce mini.

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"Ni gida na nawa ne?" ya ce.
Ban amsa ba.
Ya tura mini kofi.
"Sha. Sau biyu ina ɗumama shi.
Maganar da tsawo."